Farin Fenti a Bangon Ansel

Shekara talatin da takwas na yi ina zana layukan filin ƙwallo na Kwalejin Ansel, kuma a duk tsawon shekarun nan sau biyu kacal na hau tsani na rubuta shekara a bango. Na farko a 1993 ne, lokacin ina da ƙarfina, gwiwoyina ba su fara ƙara ba. Na biyu kuwa shi ne wanda zan ba ku labarinsa, kuma har yau in na tuna sai in ji gajiya ta sauko mini daga wuya har tafin ƙafa.

Sunana Orval Tesch. Ni ne mai yankan ciyawa, mai fenti, mai gyaran famfon da ya fashe da sanyi, kuma mai shan faɗa in wani abu ya ɓace. Garinmu ƙarami ne, gonakin masarar jihar Nebraska ta Amurka sun kewaye shi ta ko'ina, kuma daga Satumba zuwa Nuwamba ba mu da wata magana sai ƙwallo. Ƙwallonmu na runguma da ture da hular kwano nake nufi, wanda ake tashi daga shi da tsamin jiki.

Bangon da nake faɗa yana bayan kujerun 'yan kallo ta gabas. Dogo ne, fari ƙal. A samansa an rubuta ZAKARU da jan fenti, a ƙasa kuma shekaru biyar ne a jere: 1951, 1952, 1966, 1979, 1993. Kwalejoji takwas ne a gasarmu, kuma tun kafin a haife ni ƙa'idar ɗaya ce: wanda ya fi kowa cin wasa a kakar, shi ne zakara. In mu ne, to ranar Lahadi da safe bayan wasan ƙarshe, kafin a shiga majami'a, 'yan ajin ƙarshe za su riƙe tsani, mai fenti ya hau ya rubuta shekarar. In ya sauko, kowannensu ya tsoma babban yatsansa a jan fentin ya danna a ƙarƙashinta. Koci shi ne na ƙarshe. Na sha ganin tsofaffi masu sanda sun zo sun tsaya gaban bangon nan suna neman yatsansu, su nuna wa jikoki.

Koci Dwight Haverkamp shekararsa ashirin da huɗu a wurinmu, kuma babu yatsansa a bangon. Sau huɗu yana zuwa na biyu. Mutum ne ƙato, mai nauyin baki, kullum da tsinken sakace a gefen leɓe, in ya yi maka magana goma a rana to ranar yana cikin nishaɗi. A watan Agusta ya faɗa wa hukumar makaranta cewa wannan ce kakarsa ta ƙarshe, zuciyarsa ta fara ba shi matsala. Ko yaran sun ji ne suka zage, ko kuwa lokaci ne ya yi, oho. Wasa tara suka buga a 2018, suka cinye tara.

To ga inda na yi kuskure. Tun bazara manyan gasar sun zauna sun ce daga bana za a ƙara wasa ɗaya a ƙarshe, tsakanin na ɗaya da na biyu, a nuna shi a talabijin, kuma wanda ya ci shi kaɗai ne zakara. Ba zan yi ƙarya ba, na ji ana maganar. An ce ma an turo wa kowa saƙo ta kwamfuta, amma kwamfutar ofishina a kanta nake ajiye safar hannu. Ni dai na ɗauka wani biki ne na masu talabijin, a buga a watse. Ban taɓa kawowa a raina cewa abin zai taɓa bango ba.

Saboda haka ranar Lahadin da ta biyo bayan wasa na tara, gari na wayewa na fito da gwangwanin jan fenti. Ban kira kowa ba, amma da na iso na tarar da su ashirin da biyu suna jirana cikin sanyi, wasu da ɗingishi, wani da hannu a ɗaure. Kyaftin ɗinsu, Thaddeus Rooker, wanda faɗinsa ya kusa ƙofar gareji, shi ya karɓi tsanin daga kafaɗata da hannu ɗaya.

"Baba Orval, anya za ka iya hawa? Ko in ɗaga ka kawai ka rubuta?"

"Ɗaga kakanka. Riƙe tsani, ka rufe mini baki."

"To a yi a hankali dai, kada ka rubuta 1918, shekarar da aka haife ka."

Suka fashe da dariya, har wanda haƙarƙarinsa ke ciwo ya dafe ƙirji yana cewa su bari. Na hau. Takwas ɗin 2018 ta fito cif kamar an buga ta da inji. Na sauko, suka yi layi, kowa ya danna yatsa. Rooker sai da ya danna nasa har fenti ya zubo, ya juya baya yana goge ido da gwiwar hannu, wai iska ce.

A nan Koci ya iso, hannuwa cikin aljihu. Ya daɗe yana kallon bangon.

"Orval," ya ce a hankali, "akwai sauran wasa ɗaya fa."

"Wasan talabijin? Haba Koci. Tara cikin tara. Kuma da wa? Kwalejin Brandvold ɗin da muka ba kashi da ci talatin da ɗaya da goma? Sun sha kaye uku a kakar nan. Miƙo yatsa, fenti na bushewa."

Yaran suka fara tafi suna kiran sunansa. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Yanzu na san abin da ke ransa: ya karanta saƙon, ya san ƙa'idar ta canja, amma bai iya buɗe baki ya ɓata wa yara ashirin da biyu safiyarsu ba. Da ya ja ni gefe ya faɗa mini, da na gode masa. Bai yi ba.

"Ajiye mini wuri," ya ce. "Sai Asabar."

Na bar masa wuri a ƙarshen layi, faɗin tafin hannu.

Da yake mu ne na ɗaya, a filinmu aka buga wasan. Iska ta taso daga arewa tun safe, irin wadda ke ƙwace hula ta kai ta gonar maƙwabci. Duk ƙwallon da yaronmu ya jefa sai ta karkace. 'Yan Brandvold kuwa ba su da abin asara, suka duƙa suna ture kawai. Saura daƙiƙa huɗu, ana goma da goma, ɗan bugunsu ya buga daga nesa, irin bugun da ke kawo maki uku. Ƙwallon ta tashi kamar za ta fita ta dama, iskar nan ta dawo da ita ta ratsa tsakanin sanduna. Sha uku da goma.

Ban taɓa jin filinmu ya yi shiru irin na ranar ba. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne inda masu talabijin suka zaɓa a miƙa kofi. Wai gefen gabas ya fi haske. Shugaban gasar, Mista Vance Ledbetter, ya tsaya da kwat ɗinsa yana miƙa wa Brandvold kofi yana cewa ga zakarun bana, a bayan kansa kuma ga 2018 ja wur a ƙarƙashin ZAKARU, da rubutun hannuna. Duk jihar ta gani.

Ranar Litinin Lorna Stuckey ta kira ni ofis. Ita ce shugabar sashen wasanni, mace ce 'yar siririya mai kaifin baki, tun tana ɗaliba na san ta. Ranar da na yi fentin tana can wurin mahaifiyarta a asibiti. Ta turo mini takarda a kan tebur.

"Baba Orval, ka san abin da ka jawo mini?"

"Na rubuta abin da ya faru ne, ranki ya daɗe."

"Kada ka ranki-ya-daɗe ni. Ledbetter ya ce a goge shekarar nan cikin kwana goma. Brandvold sun kai ƙara, wai mun ci musu fuska a talabijin."

"Su suka ci fuskarsu, da suka bari aka lallasa su sau uku. Yanzu wata uku na gumin yaran nan ya zama banza saboda iska ta busa minti ɗaya?"

Ta cire tabarau ta murza ido. "Ka ɗauka ban sani ba? Akwai taro a Disamba. Zan kai shawara a riƙa karrama wanda ya yi na ɗaya a kaka, shi ma a kira shi zakaran kaka, ko da bai ci wasan kofi ba. Zan roƙi Ledbetter ya ɗaga mana ƙafa har lokacin. Amma kai za ka tuƙa ni, tunda kai ka kunno wutar."

Na tuƙa ta. Awa uku cikin dusar ƙanƙara, zuwa wani otal a bakin babbar hanya, inda aka ba su ɗaki mai warin tsohon kafet. Na zauna a baya kusa da tulun gahawa, hulata a gwiwa. Mutum takwas da Ledbetter, kowa da faranti na fanke a gabansa. Sai da suka ci awa biyu a kan farashin tikiti da launin rigar alƙalan wasa kafin aka zo kanmu.

Lorna ta yi magana mai kyau, wallahi. Ta ce wanda ya fi kowa daga Satumba zuwa Nuwamba ya cancanci suna, ko da ba a ba shi kofi ba. Ta ce ba ta neman a karɓe wa kowa komai.

Wakilin Brandvold, wani mai jan wuya, ya jingina da kujera. "Lorna, 'yar'uwa, zakara biyu a gasa ɗaya? Gobe kuma sai na uku ya ce shi ne zakaran watan Oktoba."

"Ai ku ba za ku samu ko wannan ba," ta ce. "A Oktoba muka yi muku talatin da ɗaya."

Wani ya ƙware da gahawa. Wani tsoho daga wata kwalejin ya ce shi dai a zamaninsa ba a san wannan rikicin ba. Wani ya tambaya ko za a sayi kofi na biyu ne, ko allo kawai za a ba da, in allo ne kuma wa zai zaɓi katakon. Suka yi rabin awa a kan katako. Aka kaɗa ƙuri'a, huɗu da huɗu. Ledbetter ya duba agogo ya ce a kafa kwamiti, ya kawo rahoto a taron Mayu. Bangon kuma, kafin nan, a rufe shekarar da tamfol.

A hanyar dawowa muka wuce gari biyu. Can Lorna ta ce, "Ba su ce a'a ba dai." Na ce haka ne.

Na ɗaura shuɗin tamfol a kan 2018 da yatsu ashirin da biyu. Duk hunturun nan ni da tamfol ɗin muka yi ta fama. Iska ta tsinke igiya, in hau in ɗaure. Ƙanƙara ta yaga gefe, in hau in ɗinke. Sau goma sha ɗaya na hau tsanin nan a cikin sanyi, ba mai riƙe mini, don in ɓoye abin da ni da kaina na fi alfahari da shi a duk aikina. Wani lokaci ina saman sai in hango Koci a tagar ofishinsa yana kallona. Ba ya ɗaga hannu, ni ma ba na ɗagawa. Na yi fushi da shi, gaskiya, na kuma ji tausayinsa, kuma na rasa wanne ya fi yawa.

Ranar bikin yaye ɗalibai, farkon Mayu, Rooker ya same ni ina jera kujeru. Yana sanye da baƙar rigar kammala karatu, wadda ta tsaya masa a gwiwa. Mahaifiyarsa na biye da shi, ta yi tafiyar kwana biyu a mota daga kudu.

"Baba Orval, Mama ce ke son ganin yatsana."

"An hana buɗewa."

"Na sani."

Na duba hagu na duba dama, na je na kwance igiyar ƙasa, na ɗaga tamfol ɗin da sandar tsintsiya. Matar ta leƙa. Ya nuna mata nasa, wanda fenti ya zubo. Ta ɗora yatsanta a kai, nata ko rabin nasa bai kai ba.

"To me ya sa aka rufe, Baba?" ta tambaye ni. "Ba su ci ba ne?"

"Sun ci, Mama. Ana dai shawara ne."

"Shawarar me?"

Na sauke tamfol na ɗaure.

Taron Mayu ban je ba, na ce bayana na ciwo. Da yamma Lorna ta same ni a rumfar kayan aiki ina wasa wuƙar injin yankan ciyawa. Ta zauna a kan buhun taki da kayanta masu kyau, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Mun ci," ta ce. "Bakwai da ɗaya. Daga yanzu duk wanda ya yi na ɗaya a kaka, zakaran kaka ne. Da allo, da suna a littafin gasa, da izinin rubutawa a bango."

Na ajiye abin da ke hannuna. Amma fuskarta ba ta mai albishir ba ce.

"Daga kaka mai zuwa," ta ce. "Ba ya komawa baya. Brandvold sun riga sun ƙera zobban zakaru, sun rataya tuta, an rubuta su kaɗai ne zakarun 2018. Sai da aka yarda da wannan sannan suka saki hannun sauran. Na yi ta roƙo, Baba Orval. Na ce saboda yaran nan aka kawo maganar tun farko. Ledbetter ya ce ya fahimta ƙwarai, ya ce tarihi zai tuna da gudummawar Ansel."

"Tarihi."

"Haka ya ce. Kwana goma."

"Me takardar ta ce a goge?"

Ta zaro ta daga jaka ta karanta. "Shekarar 2018."

"Shekarar kawai?"

Ta dube ni, ta sake duba takardar, ta ninke ta. "Ni dai abin da na gani ke nan," ta ce, ta tashi tana kakkaɓe siket.

Na bari sai rana ta goma. Safiya ce mai kyau, ba iska ko kaɗan, abin haushi. Na kwance tamfol na yar, na jingina tsani, na buɗe gwangwanin farin fenti. Ina ɗora ƙafa a matakin farko na ji mota ta tsaya a bayana. Koci ne, a tsohuwar akori-kurarsa, bayanta cike da kwalaye. Ranar ya kwashe ofis. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Bai gaishe ni ba, ya zo ya kama tsanin da hannu biyu.

Jan fenti ba ya mutuwa da sauƙi. Ka shafa fari, ya bushe, sai ka ga jan yana leƙowa ta ƙasa. Sai da na yi shafi uku, kuma tsakanin kowane shafi sai an jira. Muka zauna a kan kujerun 'yan kallo muna jira, kamar masu zaman asibiti.

"Da ka faɗa mini ranar nan," na ce.

"Da na faɗa."

"Me ya hana ka?"

Ya juya tsinken bakinsa. "Shekara ashirin da huɗu ina son in ga an hau tsanin nan, Orval. Na ce bari dai in gani."

Fushin da na yi wata shida ina riƙo, na neme shi na rasa. Gajiya kawai ta rage.

Da na gama shafi na uku na sauko, sai bangon ya koma kamar yadda yake tun 1993, illa yatsu ashirin da biyu ja a jere, ba komai a samansu. Koci ya bi su da ido, yana kiran sunan kowane yaro a hankali, bai yi kuskuren ko ɗaya ba. Ya zo ƙarshen layi ya tsaya.

"Nan ne wurin nawa?"

"Nan ne. Bari in ɗauko jan, yana rumfa. Takardarsu ba ta ce komai a kan yatsu ba."

"Bar shi," ya ce. "Ja na zakaru ne."

Ya sunkuya da ƙyar, ya tsoma babban yatsansa a gwangwanin farin, ya danna a wurin da na ajiye masa. Ya daɗe bai ɗaga ba. Sannan ya goge hannu a wandonsa, ya dafa kafaɗata, ya shiga mota.

Kakar da ta biyo baya Brandvold ce ta yi na ɗaya, ta kuma sha kaye a wasan kofi. An ba su allonsu, an ce katakon mai kyau ne.

Baƙi kan tsaya gaban bangon su tambaye ni yatsun nan na wace shekara ne, in ce ashirin da uku ne, su ƙirga su ce ashirin da biyu suka gani. Ba na musu da su. Duk bazara ana sa ni in sabunta farin bangon, kuma in na zo ƙarshen layin nan sai in ɗaga buroshi in tsallake faɗin tafin hannu.